HANTSI LEƘA GIDAN KOWA: Zagayen Unguwannin Hausawa A Inugu, Anaca Da Fatakwal

Hausawa na yi wa hantsi kirari da "leƙa gidan kowa". A Kano da Katsina da Sakkwato babu mai ja da wannan kirari, domin gidan talaka da na attajiri tsarinsu ɗaya ne tun kaka da kakanni: zaure a gaba, ɗakuna a kewaye, tsakar gida kuwa ba ta da rufi sai sama. A nan ake daka da shiƙa, a nan ake shanyar kuka da kuɓewa, a nan kuma jariri ke koyon zama da rarrafe. Matar kulle tana iya yin wata da watanni ba ta taka bakin titi ba, amma rana ba ta yi mata rowa, don har gida take iske ta.

To, amma akwai dubban Hausawa da neman abinci ya kai su ƙasar kurmi, waɗansu ci-rani, waɗansu kuwa sun yi kaka-gida har sun ga jikoki. A Inugu da Anaca da Fatakwal akwai unguwanni da kasuwanni inda baƙo zai ji Hausa tsantsa, ya ci tuwo da miyar kuka, ya ji kiran salla sau biyar. Kusan kome na gida an lodo shi a mota an kawo, sai abu biyu da suka gagara ɗauka: tsakar gida da ƙwaryar nono. Waɗannan biyun kuwa a kansu lafiyar ƙashin ɗan Adam ta dogara, musamman yara ƙanana da mata masu ciki da masu shayarwa.

HANYAR KURMI

Wanda ya biyo tirelar shanu ko ta albasa daga Arewa ta Lafiya da Makurɗi zai ga sararin sama yana sake kama tun kafin ya isa birnin farko. Da an haye Kogin Binuwai an wuce Otukpo, sai kuka da gawo su yi sallama, itatuwan manja su tare gefen hanya, ƙasa ta yi ja wur. In da damina ne, daga Obollo-Afor har mahaɗar nan ta Nayin Mail, inda hanyoyin Inugu da Anaca da Nsuka suka gamu, da wuya matafiyi ya ga inuwarsa a ƙasa. Gizagizai ne a shimfiɗe sai ka ce an rufa wa duniya gwado.

Lissafin masu auna yanayi ya tabbatar da abin da ido ya gani. Kano takan sami ruwan sama wajen inci 35 a shekara, cikin wata huɗu ko biyar. Fatakwal takan haura inci 90, kuma da ƙyar ake samun watan da ba a yi ko yayyafi ba. A Kano rana takan haska sarai na kimanin awa 3,000 a shekara. Inugu takan sami wajen kashi biyu cikin uku na wannan, Fatakwal kuwa rabi ma da ƙyar. A watannin Yuli da Agusta da Satumba, awa biyu ko uku ne rabonta a yini.

Sai dai kada a ɗauka ranar kurmi ba ta da ƙarfi. Garuruwan nan uku sun fi Kano kusa da layin da ya raba duniya biyu: Kano tana kan digiri 12, Inugu da Anaca 6 da 'yan kai, Fatakwal ko 5 ba ta cika ba. Saboda haka in rana ta sami kafa, a tsaye take saukowa a ka, kuma ko ta bayan siririn gajimare wani kaso na ƙarfinta yana ratsowa. Mai wuni a waje ba zai rasa rabonsa ba ko da damina. Matsalar tana ga wanda bango da kwano suka raba shi da sama.

AIKIN RANA A JIKI

Cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, wanda masana ke kira ultrabayolet. Iri biyu ne ke isowa ƙasa, ana ce da su A da B. Idan B ya sauka a fatar mutum, sai ya juya wani maiƙo da ke cikinta ya zama bitamin D. Jini ya ɗauke shi ya kai hanta, hanta ta miƙa wa ƙoda, a can ake ƙarasa gyara shi. Aikinsa shi ne ya taimaki hanji ya tsotso sinadarin kalsiyam daga abinci. Watau kalsiyam shi ne tubalin da ake gina ƙashi da shi, bitamin D kuwa shi ne lebura mai miƙa wa magini tubalin. Ko wanne aka rasa, gini ba zai miƙe ba.

Yaron da ya rasa su ƙashinsa yakan yi laushi. Sai a ga madigarsa ta daɗe ba ta rufe ba, wuyan hannunsa ya yi kauri, haƙarƙarinsa ya yi ƙulle-ƙulle a jere kamar 'ya'yan carbi, ya yi jinkirin tafiya, in ya tashi kuma ƙafafu su lanƙwashe, ko baka ko gwame. Likitoci na kiran wannan ciwo riket. Babba ba ya lanƙwashewa a ido, sai dai ciwon baya da ƙugu da cinyoyi da kasala, har tashi daga tabarma ya zama aiki. Mafi muni shi ne yarinyar da ƙashin ƙugunta ya tsuke tun tana ƙarama, domin ranar biyan wannan bashi ita ce ranar haihuwa.

Turawa sun ɗanɗani wannan ciwo a zamanin da hayaƙin masana'antu ya rufe biranensu. Tun a 1822 wani likita ɗan ƙasar Folan, Jedrzej Sniadecki, ya lura 'ya'yan lungunan birnin Warso sun fi na ƙauye kamuwa, ya ce rana ce magani. Ba a kula shi ba sai bayan kusan shekara 100, lokacin da Kurt Huldschinsky ya warkar da yara a Balin da wata fitila mai irin wannan haske a 1919, Edward Mellanby kuma ya warkar da 'yan kwikwiyo da man hantar kifi a Ingila. A 1922 Elmer McCollum na Amurka ya raɗa wa sinadarin suna. A shekarun 1960 ciwon ya sake ɓulla a birnin Gilasgo, wannan karon cikin 'ya'yan baƙi daga Pakistan da Indiya, mutanen da suka baro ƙasar rana suka sauka ƙasar hazo. Afirka ma ba ta tsira ba. Wani nazari da aka buga a 2020, wanda ya tattara binciken ƙasashe da dama, ya nuna kusan mutum 1 cikin 3 a nahiyar ba shi da isasshen bitamin D, kuma abin ya fi taɓa mazauna birane da mata da jarirai.

Akwai abu uku da ya kamata mai karatu ya riƙe kafin a shiga gari. Gilashin taga yana tare hasken B, don haka zama a bayan rufaffiyar taga ba shan rana ba ne. Tufafi ma suna tarewa. Baƙar fata kuma, da yake garkuwa ce, tana bukatar lokaci fiye da fara kafin ta haɗa abin da jiki ke so.

INUGU: INDA RANA TA YI WA MAZA YAWA

Daga Nayin Mail, tsohuwar hanya tana gangarowa ta Ngwo da tudun Milikin, tana murɗawa kamar maciji, kwazazzabo a gefe, birni a shimfiɗe can ƙasa. Sunan garin da harshen Ibo yana nufin "kan tudu". Kwal da aka gano a tuddan Udi a 1909 shi ya haifi Inugu, kuma dominsa aka shimfiɗa dogo mai tsawon mil 151 zuwa bakin teku, aka gama a 1916. Shekara da shekaru dubban leburori suna wuni a ƙarƙashin ƙasa da fitila a goshi. A ramin Iva ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe 21 daga cikinsu ran 18 ga Nuwamba, 1949. Yanzu ramukan sun mutu, sai suna ya rage, ana kiran garin Birnin Kwal.

Da aka haɗa dogon da na Arewa, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932, sai fataken shanu suka yawaita. Cikin waɗanda suka sauka akwai Malam Umaru Altine, Bafillace daga lardin Sakkwato, wanda ya zama Magajin Garin Inugu na farko a shekarun 1950. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya watse zaman, bayansa aka komo aka sake ɗaura ɗamba. Mai neman Hausawa a yau sai ya nufi titin Owerri a Asata, inda masallaci da 'yan canji da masu tireda suke, ko Gariki ta Awkunanaw, ko kuwa kasuwar kara ta Ugwuoba a kan hanyar Anaca.

A waɗannan wurare damuwar maza ba ƙarancin rana ba ce, yawanta ne. Mai dako da mai tura baro da mai yankan farce da mai gyaran takalmi da yaron kara, duk sama ce rufinsu daga hantsi har la'asar. Jiki kuwa in ya ƙoshi da bitamin D sai ya daina haɗawa, saboda haka ƙarin daɗewa a rana ba ya ƙara amfani, illa kawai yake ƙarawa. Illar takan soma da ido. Hasken nan na daga cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido, shi ne kuma ke jawo jan naman da kan tsiro daga gefen ido ya nufi tsakiya. Ga zufa da ke tsiyaya cikin damshin kurmi, wadda in ba a mayar da ita da ruwan sha ba ƙoda ce ke ɗaukar nauyi. Makiyayin da ya saƙa malfa ya riga likitan ido gano rigakafi, amma yawancin 'yan ci-rani sun baro ta a gida sun ɗauki hular da ba ta yi wa ido inuwa.

A Inugu ne kuma aka yi ɗaya daga cikin manyan bincike a kan zabiyoyi. Farfesa Anezi Okoro, likitan fata a asibitin koyarwa na Jami'ar Nijeriya, ya duba zabiya 1,000, aka buga sakamakon a 1975. Ya nuna yadda rana ke cin fatar da ba ta da baƙin launi tun ana yara, ta soma da ƙuna da tabo da kaushi, ta ƙare da sankarar fata. Ga zabiya, ɗan Ibo ne ko Bahaushe, talla da dako a rana guba ce mai kisan mummuƙe. Abin da ya dace da shi sana'ar inuwa, da malfa, da riga mai dogon hannu, da man kariya, da saurin nuna wa likita duk gyambon da ya ƙi warkewa. Tun daga 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ke tunawa da su ran 13 ga Yuni.

Har wa yau a garin akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa, ɗan'uwan na Dala a Kano da na Igbobi a Ikko. Irin waɗannan asibitoci ne ake kai yaran da ƙafafunsu suka riga suka sandare a karkace, a yanka ƙashi a miƙe shi. Aiki ne mai tsada da zafi, alhali da an farga da wuri magani da abinci sun isa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka kuma tun yana ɗanye ake miƙe shi.

ANACA: KASUWA A ƘARƘASHIN KWANO

Tafiyar wajen mil 65 ce daga Inugu zuwa Anaca, a bakin Kogin Kwara. Tun kafin 'yan mishan su kafa zango a nan a 1857, kwale-kwalen Igala da maƙwabtansu na sauke kaya a wannan gaɓa, Nufawa da Hausawa kuma suka biyo sawu. Sunayen tituna ma shaida ne: ga titin Bida, ga na Sakkwato, ga na Kano. Tsohuwar gadar ƙarfe da aka gama a 1965 tana nan tana ɗaukar kaya, sabuwa kuma da aka buɗe a 2023 tana daga kudu da ita. A kasuwar Ose da bakin gada ake sauke albasa da wake da barkono da busasshen kifi na Arewa, kuma a kewayen nan Hausawa suka fi taruwa.

Anaca gari ne da aka gina don ciniki, ba don shan iska ba. Benaye masu hawa huɗu da biyar sun jeru kafaɗa da kafaɗa, lungun da ke tsakaninsu ba ya ganin rana sai ta take tsaka. Babbar kasuwar, wadda ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, layukanta da yawa a rufe suke da kwano da tamfol, har da tsakar rana da wutar janareta ake auna yadi. Yaron shago yana iya shiga da safe ya fito da magariba bai ga inuwarsa ba, kwana shida a mako, kuma wannan bai bar ɗan gari ba balle baƙo. Sama da rufin kwanon akwai wani rufin na hayaƙi. A 2016 ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Anaca a kan gaba cikin biranen da aka auna wajen yawan ƙura a iska, ya ninka iyakar da hukumar ta amince da ita wajen sau 30. Hayaƙi da ƙura kuwa suna rage hasken B, kamar dai yadda suka yi a biranen Turai.

Akwai kuma wani bango da ido ba ya gani, shi ne na tsoro. Rikicin watan Fabrairu na 2006 ya ci rayuka da dama, ya sa Hausawa masu yawa suka tsallake gada zuwa Asaba. Wanda ya ga irin wannan rana ba ya son nisa da 'yan'uwansa, ko da za a cunkushe a ɗaki ɗaya, kuma ba ya sakin jiki ya bar yara su yi wasa a fili. Zaman lafiya ma ashe yana da hannu a lafiyar ƙashi.

A layin masu kayan shafe-shafe ne baƙo zai ga abin da zai sa shi riƙe baki. A Turai da Amurka akwai shagunan da farar fata ke biyan kuɗi su kwanta cikin wani akwati mai fitilu, a gasa su don su yi duhu. Masu shagunan sukan ce ana samun bitamin D, alhali yawancin hasken akwatin nau'in A ne, wanda ba ya haɗa shi. A 2009 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa waɗannan akwatuna a sahu ɗaya da taba sigari wajen jawo sankara. Ƙasar Barazil ta hana su a shekarar, Ostareliya kuma ta rufe shagunan a 2015. A nan kuwa ciniki ya juya baya: kwalabe ne a jere na man bilicin, waɗanda ake lodawa zuwa ko'ina har da Arewa. Da yawansu na ɗauke da haidirokwinon ko zaiba ko magunguna masu sa fata ta yi siriri. Wannan baƙin launi da ake biya a kankare shi ne garkuwar da zabiya ya rasa yake wahala. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar jama'ar ƙasa. Mai gasa fata da mai kankare ta, hanya ce ta bambanta, amma ƙofar asibiti ɗaya suka nufa.

FATAKWAL: ƊAKI ƊAYA, TAGA ƊAYA

Daga Anaca hanya ta bi ta Owerri, ta ratsa Elele, inda maharban giwa daga Arewa suka sauka tun wajen ƙarshen ƙarni na 19, jikokinsu na nan har yau. Daga nan sai Fatakwal, wadda aka kafa a 1912 don fitar da kwal ɗin Inugu, aka raɗa mata sunan Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen mallaka na Ingila, a 1913. Man fetur da aka samu a Oloibiri a 1956 shi ya mayar da ita abin da take yanzu. Hausawa na tsohon gari da ake kira Tawun, suna Diobu a Mil Ɗaya da Mil Uku, suna canji a titin Aba, suna sauke doya da dabbobi a wajen Iriebe da Oyigbo.

Birnin da a dā ake yi wa laƙabi da Birnin Lambu ya shiga wani hali daga ƙarshen 2016, lokacin da baƙin toka ya soma sauka daga sama. A share ɗaki da dare a tashi a ga ƙafar yaro ta yi baƙi, a shanya farar riga a kwashe ta da ɗigo-ɗigo. An ɗora laifin a kan masu dafa ɗanyen mai a ɓoye cikin fadamu, da ƙona kayan da aka kama, da wutar gas ta kamfanoni. Jama'a sun yi zanga-zanga a 2018, gwamnatin jiha kuma ta yi dirar mikiya a kan matatun ɓoye a farkon 2022. A waɗannan shekaru uwa mai hankali sai ta rufe taga ta tsare yara a ɗaki don kare huhunsu, kuma ba a ce ta yi laifi ba. Sai dai abin da ya kare huhu ya tauye ƙashi.

A nan ne rashin tsakar gida ya fi fitowa fili. Gidan hayar talaka a Diobu dogon gini ne, ɗaki na kallon ɗaki, siririn lungu mai duhu a tsakiya, madafa da makewayi a baya na kowa da kowa. Magidanci ya kama ɗaki ɗaya, maƙwabtansa mutane ne na ƙabilu dabam-dabam, maza da mata. Ɗan filin da ke baya ba na iyalinsa ba ne su kaɗai, saboda haka uwargida ba za ta zauna can da ɗaurin ƙirji tana tsefe kai kamar yadda take yi a gidan ubanta ba. Ko dai ta wuni a ɗaki, ko ta fito a lulluɓe ta yi sauri ta koma. Kullen da a Zariya ko Daura yake da sama a buɗe, a nan ya zama kulle mai rufi. Ga damina ta wata takwas ko fiye. Mijin ya dawo da magariba rana ta gasa shi, matar kuwa rabonta da hantsi tun zuwanta ganin gida.

Abin bai tsaya kanta ba. Jariri daga jikin uwa yake ɗibar guzurinsa na bitamin D tun yana ciki, nonon uwa kuma, duk da babu abincin da ya kai shi, ba shi da wannan sinadari da yawa. In uwa ba ta da shi, ɗa ya fito hannu rabbana.

Sai kuma maganar ƙwaryar nono. Ƙudan tsando da ciwon sammore sun daɗe suna takura kiwon manyan shanu a kurmi, kuma shanun da tirela ke kawowa na yanka ne, ba na tatsa ba. Fura da nonon da yaro ke sha da kuɗi ƙalilan a ƙauyen Katsina, a nan sai madarar gwangwani ko ta gari mai tsada. Muhimmancin wannan ya bayyana a wani bincike da Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, aka buga a 1999. Sun yi wa yara 123 masu riket magani na mako 24. Yaran nan ba rana suka rasa ba, kalsiyam ne ya yi musu kaɗan, wajen miligiram 200 kawai suke samu a yini, ga abincin masara mai hana hanji tsotse ɗan abin da aka samu. Waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Watau yaron ɗakin haya da ya rasa rana ya kuma rasa nono, wuta biyu ce ta haɗu a kansa.

Amma Allah bai hana kurmi nata arzikin ba. Wani binciken na Jos da aka buga a 2015 ya nuna garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa yana warkar da riket. Fatakwal kuwa garin kifi ne. Ƙananan kifaye da ake ci da ƙaya, da busasshen jatan lande da matan gari ke dakawa a miya, duk kalsiyam ne. Kifin ƙanƙara mai maiƙo da ake kira taitus, da sadin, da gwaiduwar ƙwai, suna ɗauke da bitamin D. Kuka da riɗi da zogale, waɗanda motocin Arewa ke kawowa, su ma ba baya ba ne wajen kalsiyam. Iyalin da suka haɗa miyar gida da kifin maƙwabta sun toshe rabin ɓarakar.

ABIN YI

Gyaran ba ya bukatar a rushe al'ada. Abin da matar kulle ke nema shi ne wurin da rana ke shiga, idon baƙo ba ya shiga. Zana biyu ko fallen kwano uku sun isa a kewaye wani saƙo a bayan gida, in magidanta sun haɗa kai sun nemi yardar mai gida. Mai neman ɗakin haya ya dubi inda hantsi ke faɗowa kamar yadda yake duban famfo da wuta. Kimanin rabin awa, hannuwa da ƙafafu a buɗe, sau uku ko huɗu a mako, yana da amfani ƙwarai. Ranar sassafe ba ta da hasken B sosai, sai hantsi ya ɗaga, inuwar mutum ta soma gajarta.

Jariri sabon haihuwa kuwa ba a shanya shi a rana mai zafi, kuma in idonsa ya yi rawaya, asibiti za a nufa da shi nan da nan. Abin da taron masana na duniya ya amince da shi a 2016 shi ne a riƙa ɗiga wa kowane jariri awo 400 na bitamin D kullum har ya shekara, mai ciki ta sami awo 600, yaron da ya wuce shekara kuma kada kalsiyam ɗinsa ya gaza miligiram 500 a yini. Wannan magana ce da za a yi da ma'aikatan awon ciki, ba da mai tallar magani a mota ba, domin bitamin D ma in ya yi yawa yana ɓata ƙoda. Ɗan bakan ƙafa ga yaron da bai kai shekara 2 ba sau da yawa yakan miƙe da kansa, amma in yana ƙaruwa, ko ga kaurin wuyan hannu da kukan ciwo, to ba goyo ne ya jawo ba, ba kuma iska ba ce. A kai shi a duba.

Kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan yana da Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa, waɗanda maganarsu ke shiga inda ta likita ba ta kaiwa. Su ne za su iya tuna wa magidanci cewa haƙƙin iyali bai tsaya ga cefane ba, su tuna wa yaron kara malfarsa, su nema wa zabiya sana'ar inuwa. Mutanen gida ma kada su ce abin na 'yan kurmi ne. A sababbin unguwannin Kano da Kaduna ana ta gina gidaje cike da fili, an rufe ɗan tsakar gidan da ya rage da kwano da ƙarfe don tsoron ɓarayi, yara na wuni gaban talabijin. Duk mai shirin aza tubali, ya bar wa hantsi ƙofa.